Wa'adi Yana Cika, Amana Fa?

Akwai mas'alar da nake so malamanmu su zauna a kanta. Mutum ya ɗauki nauyin marar galihu don Allah, sai wa'adinsa ya cika ko aka yi masa canjin wurin aiki. Shin nauyin ya sauka daga wuyansa ranar da ya miƙa makullin ofis? A fahimtata bai sauka ba.

Mu a nan Sanyinna, wanda shari'a ta hau kansa alhali ba shi da ko sisi, sai dai ya nufi Sakkwato neman lauyan kyauta. Tun 1976 aka kafa hukumar tallafin shari'a ta ƙasa, aka sabunta dokarta a 2011, domin tsaya wa wanda ba zai iya ɗaukar lauya ba. Cikin masu wannan ɗawainiya akwai matasan lauyoyi 'yan bautar ƙasa, su kuwa shekara ɗaya suke yi su wuce. Shari'armu ga ta nan, a ɗage yau a ɗage gobe, har kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali jiran hukunci suke yi. Ke nan sau da yawa lauya yakan tafi ya bar shari'a da sauran tafiya.

Mai gida ba ya ɓacewa a irin wannan sauyi. Yana da unguwa, yana da mai unguwa, yana da dangin da za su yi ta sintiri. Wanda ke ɓacewa shi ne wanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu ko ambaliya ta cinye masa ɗaki, yana kwana a tasha ko rumfar kasuwa. Sammaci ba ya samunsa, beli yana yi masa wuya don babu mai tsaya masa.

Na taɓa raka wani saurayi ɗan dako, daga yankin Kebbe, wurin wata lauya. Ta ce, “Malam, ina za a same ka?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranki ya daɗe, ba ni da wuri ɗaya. A dai tambayi mai shayin bakin tasha.” Ba ta yi masa dariya ba. Ta juya bangon fayil ta rubuta sunan mai shayin, da lambarsa, da lokacin da yake buɗe tebur. Da tafiyarta ta matso, sai ta sa aka nemo saurayin, ta zaunar da shi gaban wanda zai gaje ta, ta ce, “Ga sabon lauyanka, ya san maganarka duka, ba sai ka sake faro ta ba.” A nan na ga abin da addini yake nufi da cika amana.

Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta haɗa umarni biyu wuri ɗaya, mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci. Fayil ba na lauya ba ne. Mai shi shi ne wanda 'yancinsa ke ciki, kuma mayar masa da amanarsa shi ne a damƙa ta ga hannun da zai riƙe. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don kada mantuwa ta ci haƙƙi. Sayyidina Umar ma ya kafa diwani ne don rabon jama'a ya zauna a rubuce. In haka ne, takardar miƙa aiki ibada ce.

Wani zai ce ai taimako ne, ba dole ba, kuma kowa na da iyali da makoma. Gaskiya ne, ba wanda ya ce lauya ya dawwama a kujera. Amma kafin ka karɓa kana da zaɓi. Da ka ce “na karɓa”, mutumin ya daina neman wani, ya jingina da kai. Zamewa ba tare da sallama ba ta fi ƙin karɓa tun farko cutarwa.

Sabon zuwa ma yana da nasa rabon. Kada ya yi wa tsofaffin fayiloli riƙon sakainar kashi don ba shi ya buɗe su ba.

Sauran nauyin namu ne. Tsaya wa wanda ake zalunta farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi, ta faɗi a kan saura, in an rasa mai yi, laifin ya hau kan kowa. Ranar da lauya ya tafi babu magaji, farillar ta dawo kanmu mutanen gari. Don haka limamai, da masu unguwanni, da shugabannin tasha da na kasuwa a Sanyinna, Tambuwal da Kebbe, su san marasa muhallin da ke da shari'a a kotu, su yarda a rubuta sunayensu a matsayin inda za a nemi waɗannan bayin Allah, su kuma riƙa tambayar ranar zama ta gaba. Wannan ba ya buƙatar digirin lauya, kuma za a tambaye mu a kansa gobe ƙiyama.