Ƙaddara a Bakin Wa?

A gabashin ƙasar Honduras, inda gaɓar tekun Karibiyan ta miƙe har cikin Nikaragua, akwai yankin da ake kira Moskitiya. Fadama ce da kurmi da bakin koguna. Mai son zuwa babban garinta, Puerto Lempira, galibi sai ta jirgin sama ko na ruwa, domin babu titin kirki da ya haɗa ta da sauran ƙasar. Mutanen wurin, 'yan ƙabilar Miskito, babbar hanyar samun kuɗinsu ita ce nutso a teku don kamo lobsta, wata ƙatuwar halitta dangin jatan lande, mai ƙayoyi a baya, wadda ke ɓuya a ramukan duwatsun ƙarƙashin ruwa. Wutsiyarta ake so. A daskarar da ita, a kai mafi yawanta Amurka.

Ana buɗe kamu a farkon Yuli, a rufe a ƙarshen Fabrairu. Dillali ya zaga ƙauyuka yana raba kuɗin kafin alƙalami, ya tara maza, a loda su a jirgin da zai yi kusan mako biyu a teku. Kowane mai nutso yana da yaronsa a kwale-kwale, wanda ke bin kumfar numfashinsa daga sama, yana karɓar abin da ya kamo, yana miƙa masa sabuwar tukunyar iska. A da, a ruwa marar zurfi suke kamu da numfashinsu kawai. Da lobsta ta yi ƙaranci a kusa, sai aka riƙa nausawa ciki, har mita 30 zuwa 40. Mutum ya shanye tukunya goma ko fiye a yini, sau da yawa babu agogon auna zurfi, babu mai nuna masa sauran iskar da ke bayansa. Sai ya ji numfashi ya yi tauri, sannan ya yunƙuro sama da gudu. Biya kuwa a kan sikeli ne: abin da ka fito da shi, shi ne naka.

Abin da ke biyo baya ba gaibu ba ne. Kowace mita goma ta zurfi tana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya, kuma a ƙarƙashin wannan matsin sinadarin naitirojin da ke cikin iskar da ake shaƙa yana narkewa cikin jini da tsoka. Idan aka hau a hankali, ana tsayawa a hanya, huhu zai fitar da shi. Idan aka hau da gaggawa, sai ya tashi kumfa, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Kumfar da ta tsaya a gaɓa ciwo ce. Wadda ta tsaya a laka, ƙafafu sun tafi, sai keken guragu da robar fitsari. Tun 1908 masanin Birtaniya John Scott Haldane ya fitar da jadawalin yadda ake hawa lafiya. A zurfin mita 30, mai nutso ba ya wuce minti ashirin da 'yan kai idan yana son fitowa kai tsaye. Maganin wanda ya kamu shi ne a gaggauta sa shi a ɗakin matsin iska, amma daga inda jirgi yake zuwa irin wannan ɗaki tafiya ce mai nisa, kuma kyaftin ba ya son katse kamu saboda mutum ɗaya.

Miskito suna da nasu bayani. Mafi yawansu Kiristoci ne, amma har yau ana maganar Liwa Mairin, 'yar ruwa mai mallakar dabbobin teku, wadda ke shafar wanda ya yi haɗama ya kwashi fiye da kima. Ban ga abin dariya a nan ba. Da 'yar ruwan da likitoci, duk sun ce yawan nutso da zurfafawa ne ke kawo ciwon. Abin da ya dame ni da wannan bayani shi ne inda ya ajiye laifin: a wuyan wanda ya shanye. Mu ma muna da irin namu. Da rami ya rufta da masu haƙar zinari a Zamfara ko Neja, kalma ɗaya ce ke fitowa daga bakin uwar mamaci da bakin mai ramin: ƙaddara.

Tambayata ke nan. Kalmar gaskiya ce, ba na jayayya. Amma daidai take a bakunan nan biyu?

Ni da na tashi a gaban littafin Risala, babin ciniki ne ya fara faɗo mini. A can aka koya mana cewa ba a sayar da kifi yana cikin kogi, domin garari ne. Cikin misalan garari da malaman fiƙihu ke kawowa har da sayen nutson mai nutso, wato ka biya mutum a kan duk abin da zai fito da shi a nutso ɗaya, ko lu'ulu'u ko hannu wofi. Akwai ruwaya a kan haka a wajen Ibnu Majah. Masana hadisi sun yi magana a kan isnadinta, amma hukuncin ya zauna a kan ƙa'idar garari. To masu jiragen lobsta ba su faɗa wannan ramin ba. Ba sa sayen nutso, sai abin da ya hau sikeli. A zahiri jinga ce tsabtatacciya. Sai dai gararin bai ɓace ba, wuri ya sake. An cire shi daga aljihun mai saye an ɗora shi a kan ƙashin bayan mai nutso. Ban yarda cewa shari'ar da ta damu da kada mutum ya yi asarar dirhami a kan abin da bai gani ba za ta kau da kai idan abin da aka jefa cikin cacar ƙafafun mutum ne.

Wani zai ce ai ba a tilasta masa ba, shi ya karɓi kuɗin, shi ya faɗa ruwan, kuma an hana mutum jefa kansa cikin halaka. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma akwai masu nutso da ke ƙara wa kansu haɗari da gangan, da giya ko gasar nuna jarumta. Amma a duba labarin Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke. Ya yanke shawarar juyawa da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya kore ɗaya busasshe: duk inda ya kai raƙumansa, cikin ƙaddarar Allah ya kai su. Mun saba ɗaukar darasin riƙo da sababi daga nan, mu wuce. Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne, makiyayin nan gefe biyu gare shi. Mutumin Moskitiya mai 'ya'ya a gida, wanda dillali ya riga ya ba bashi, a ƙauyen da babu masana'anta babu kasuwar amfanin gona, gefe nawa ne a kwarinsa? Kuma wanda ya juya da tawagar ba ɗaya daga cikin mabiya ba ne, shugaba ne, mai iko da linzami. A jirgin lobsta, mai wannan matsayi shi ne wanda zai iya sayen agogon zurfi, ya ƙayyade yawan nutso, ya juya jirgi idan mutum ya fito yana jan ƙafa.

Ayar hana jefa kai cikin halaka ma, a Suratul Baƙara, da umarnin ciyar da dukiya ta fara. Abu Ayyub al-Ansari, a yaƙin Ƙusɗanɗiniyya, ya gyara wa mutanen da suka karanta ta a kan wani jarumi da ya kutsa cikin abokan gaba: ya ce a kansu Ansar ta sauka, lokacin da suka so su koma tattalin dukiyarsu su bar ciyarwa. Idan haka ne, ayar ta fi kusa da mai riƙe da kuɗin kayan kariya fiye da wanda ke ƙarƙashin ruwa. Fiƙihunmu kuma ya san lamunin wanda ya zama sanadi ko da bai taɓa kowa da hannu ba; mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba ya kuɓuta da cewa wanda ya faɗa ajalinsa ne ya yi.

Saboda haka nake ganin ƙaddara a bakin uwar mamaci ibada ce, da ita take tsayawa da ƙafafunta. A bakin mai jirgi kuwa, kafin ya biya diyya ya gyara aikinsa, hujja ce irin wadda malaman aƙida suka daɗe da rushewa: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba.

A Yulin 2019 wani jirgin masu kamun lobsta ya kife a gaɓar Moskitiya, mutum 27 suka mutu. A Agustan 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta yanke hukunci a ƙarar wasu masu nutso 42 'yan Miskito, bayan gwamnatin Honduras ta amsa cewa ta gaza sa ido a kan masu jiragen. Tun 2009 kuma ƙasashen Amurka ta Tsakiya suka amince a hana kamun lobsta da tukunyar iska, aka yi ta ɗage ranar fara aiki da dokar. Masu kamfanoni sun ƙi ta, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma cikin waɗanda suka fito suka ƙi ta har da masu nutson kansu, domin an zo rufe musu hanyar ci ɗaya tilo ba a buɗe musu wata ba.