Kwanon Da Ya Tashi: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

Bara, daren ruwan farko, iska ta yaye rufin wani ɗaki a layinmu. Falle ɗaya na kwanon ya tsallake katanga ya faɗa tsakar gidan maƙwabta, ya tsaga wa wata yarinya ƙafa. Da muka je jaje bayan Asuba, mai rufin ya ce da ni, "Malam, ikon Allah ne, wa ya isa ya tare iska?" Na ce haka ne. Amma tun da rani kowa yana jin kwanon nan yana kaɗawa, an kuma yi masa magana ba sau ɗaya ba. Tun ranar nake juya tambayar nan: ina iyakar ƙaddara, ina kuma farkon laifin mutum?

Duk wanda ya daɗe a Kafanchan ya san damina ba ta zuwa mana a ɓoye. Muna riga Kano da Katsina samun ruwa, wajen watan Afrilu, kuma ruwan farko shi ne mai zuwa da iska. Hadari ya haɗo daga gabas, ƙura ta tashi, kafin a kwashe shanya iska ta iso. Hukumar NiMet ma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana faɗa a rediyo. To, abin da ke zuwa duk shekara a lokaci guda, wanda bai shirya masa ba ba zai ce an shammace shi ba.

Wasu suna ganin yawan shiri raunin imani ne. Ban ga haka a karatun da muka yi ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa, aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Annabi Nuhu (AS) ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba, mutane suna yi masa dariya. Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma nuna cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wa zai ce ya fi waɗannan tawakkali?

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin maƙwabci. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan katangar da ta karkata, kuma hukuncin yana cikin Muhtasar na Shehu Halil: idan aka gargaɗi mai ita, ya sami lokacin da zai gyara bai gyara ba, ta faɗi ta yi ɓarna, to biya yana kansa. Ni ba alƙali ba ne, amma a fahimtata kwanon da ƙusarsa ta saki da reshen mangwaron da ya bushe a kan ɗakin wani, duk 'yan'uwan katangar nan ne. Kwano kuwa in ya tashi ba ya tambayar gidan wa zai faɗa, na Musulmi ne ko na maƙwabtanmu Kirista. Haƙƙin maƙwabtaka ya hau kanmu a duka biyun.

Na san za a ce, Malam, ka san kuɗin bandir ɗin kwano yanzu? Na sani, a kasuwa nake wuni. Amma yawancin gyaran ba sabon kwano yake so ba. Iska daga gefe take kama rufi, ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga. Don haka a watan Maris a sa kafinta ya hau ya duba bakin rufin, ya ƙara ƙusa inda ta saki, ya canza katakon da gara ta ci, ya ɗaure katako da jikin gini da langa-langa. Jera bulo da duwatsu a kan kwano ba gyara ba ne, in iska ta yi ƙarfi su ma kan mutane za su faɗo. A sassare rassan da suka rufa kan ɗaki. A yashe kwata, domin leda ce ke toshe ta, ruwa ya kwanta a gindin katanga ya cinye ta. In hadari ya taso a rufe tagogi, a kira yara ciki, kada kowa ya fake a gindin bishiya ko ya kusanci wayar wuta da ta faɗi.

Wanda yake haya ya faɗa wa mai gida tun da wuri, a gaban mutum biyu. Gidajen marayu da tsofaffi kuwa, nauyinsu yana kanmu. Me zai hana matasan kowane masallaci su yi gayya Asabar ɗaya kafin ruwan farko? Mu da muke saurin haɗa gudummawa bayan rufi ya tashi, kilo biyu na ƙusa kafin nan ya fi mana araha.

Bayan duk wannan, iska tana iya zuwa ta kwashe rufin da aka ɗaure da kyau. A nan ne maganar ƙaddara take da gurbi, sai a yi wa mutum jaje, a taimaka masa, kada a zarge shi. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda Manzon Allah (SAW) yake roƙon alherin iska da neman tsari daga sharrinta idan ta taso. Mu riƙe addu'ar, mu kuma riƙe guduma.

Yarinyar nan ta warke, amma tana ɗingishi kaɗan in ta yi gudu. Kowa ya ɗaga kai ya dubi rufinsa a makon nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga zama sanadin cutar da wani. Amin.