Ƙanjamau Da Haƙƙin Ɗan'uwanka Musulmi

 

Ya ɗan'uwa matashi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a masallacin unguwarmu. An tayar da iƙama, wani yaro ya shigo sahu, sai na kusa da shi ya ja baya ya bar gurbi, wai an ce yaron yana da ƙanjamau. Subhanallahi! Wa ya koya mana wannan?

Ka sani, tun shekarar 1983 masana suka gano ƙwayar wannan cuta, kuma sun san ƙofofin da take shiga. Tana shiga ta saduwa tsakanin mutum biyu, ta jini, ta allura ko aska ko reza da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba, kuma uwa tana iya sa wa ɗanta lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ba ta bin musafaha, ba ta bin buta, ba ta bin kwanon tuwo, sauro ma ba ya ɗaukarta. To, gurbin nan da aka bari a sahu, maganin me ya yi?

Zina haramun ce, ba mu sassauta ba, kuma wanda ya kame kansa ya rufe babbar ƙofa. Amma kada ka ce duk mai cutar mazinaci ne. Jaririn da aka haifa da ita fa? Matar kirki da mijinta ya kawo mata har ɗaki fa? Ka karanta Suratun Nur ka ga hukuncin wanda ya jefi kamammiya da zina bai kawo shaidu huɗu ba: bulala tamanin, kuma a daina karɓar shaidarsa. Harshen da kake kaɗawa a majalisa, wallahi ƙazafi yake yi kana dariya.

Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita. Da yawansu ka gan su garau, domin ƙwayar takan yi shekaru a jiki ba alama. Ido ba ya ganewa, sai gwaji. Shi ya sa a 2024 Jihar Kano ta yi doka cewa a yi gwaji kafin ɗaurin aure. Wasu samari suna ganin wannan cin fuska ne. Haba! Kai da za ka karɓi amanar 'yar mutane? Ɓoye mata abin da ka sani yaudara ce, kuma Musulunci ya hana yaudara ko a cinikin hatsi, balle aure.

Kai kuma da aka jarraba, kada ka yanke ƙauna. Annabi Ayyuba ya yi jinya, darajarsa ba ta ragu ba. Har yanzu babu maganin da ke fitar da ƙwayar gaba ɗaya, saboda haka mai lasifika a kasuwa da boka mai layu da suka ce za su warkar da kai, kuɗinka suke so, na biyun har da imaninka. Amma akwai magani a asibiti, galibi ƙwaya ɗaya a rana, wanda ke danne cutar har gwaji ya kasa ganinta a jini. Wanda ya kai nan kuma ya dawwama a kan maganinsa, ba ya sa wa matarsa, kuma mai ciki da ke sha tana iya haifar ɗa lafiyayye. Neman magani ba ya warware tawakkali. In azumi ya zo kada ka ajiye shi, je ka tambayi likita yadda za ka mayar da lokacin sha zuwa dare.

Wancan yaro kuwa, kwana biyu ban gan shi a sahu ba. Gobe bayan la'asar, in Allah Ya so, za mu je gidansu gaisuwa, domin gaida mara lafiya haƙƙinsa ne a kanmu. Wanda ya ja baya ran nan ma na aika masa ya zo mu tafi tare.

Wassalamu alaikum.