Takarda da Amana

Tun da aka kafa jami'ar Maraɗi a shekarar 2010, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ba dole ba ne ɗan garin ya tafi Yamai neman digiri. Sai dai wata tsohuwar tambaya tana nan: me ke sa a yarda da mutum har a ba shi aiki, takardarsa ko halinsa?

Maraɗi tana da amsarta tun kafin zuwan jami'a. Alhazan garin ba su damƙa wa yaro dukiya sai ya daɗe a hannun ubangida, an aike shi Jibiya ko Kano da kuɗi, ya komo da lissafi cif. Takarda tana shaidar abin da mutum ya sani, amma ba ta faɗin abin da zai aikata in ba mai kallonsa.

Don haka bai kamata a raina ɗalibi mai neman na kansa ba. A unguwar Zariya wani na tuƙa kabu-kabu bayan darasi, wani na koyar da yaran maƙwabta da dare, wani kuma in an yi hutu sai ya koma Jiratawa noman rani. Ɗalibin ilimin noma da ya taɓa jiran ranar rabon ruwa, ya ga zogale na yaushi, ya koyi abin da allo ba ya koyarwa. Duk da haka talauci ba abin yabo ba ne: wanda ya raba dare kan babur zai yi gyangyaɗi a aji, alhali ɗan mai hali yana bita.

A nan nauyi ke hawa kan tsofaffin ɗalibai. Wanda ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya ɗanɗani koyarwar kwantaragi a Tibiri kafin ya samu kujera, shi ne ubangidan wannan zamani. Hanya biyu ke gabansa, alfarma da shaida. Alfarma tana tambayar ɗan wane ne, shaida kuwa tana faɗin aikin da ido ya gani. In ya zaɓi alfarma, ya koya wa na baya cewa karatu da zufa duk banza ne. In ya kira ɗalibi koyon aiki, ya biya shi haƙƙinsa, sannan ya tsaya masa da gaskiya, to ya biya bashin da jami'arsa ke bin sa.