Sa'ad da Ji Ya Koya wa Ido Gani

A ranar 24 ga Yuni, 1947, wani matuƙin jirgi a Amurka, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a sararin sama kusa da Dutsen Rainier. Ya kwatanta tafiyarsu da ta farantin da aka wurga yana tsalle bisa ruwa. Jaridu suka mai da shi "faranti mai tashi". Cikin makonni kaɗan, ɗaruruwan mutane suka ce su ma sun ga farantai. Daga baya aka soma cewa jiragen baƙi ne daga wata duniya.

Akan ce gani ya kori ji. A nan kuwa, ji ne ya koya wa ido abin da zai gani. Mutum yana iya ba da shaida da zuciya ɗaya, alhali ya yi kuskure.

Rundunar sojan saman Amurka ta tattara rahotanni 12,618 kafin ta rufe bincikenta a 1969. Yawancinsu taurari ne, ko gizagizai, ko jirage, ko balan-balan. Guda 701 suka rage ba a gane su ba. Amma rashin gane abu ba hujjar zuwan baƙi ba ce.

Nauyin yana wuyan mai maimaita labari. Uban da yake miƙa wa 'ya'yansa jita-jita a matsayin tabbas yana ɓarnatar da amanar da zai bukata wata rana. Wanda ya iya cewa "ban sani ba" a gaban iyalinsa, za a gaskata shi ranar da ya ce "na tabbata".