Dutsen Da Ya Fito Cikin Kwanon Abinci: Ceto Ne Ko Cin Amana?



Tambayar da muka kawo a wannan fitowa daga ƙasa mai nisa ta taso, wato Meksiko, maƙwabciyar Amurka ta kudu. Amma muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, domin zai ga cewa ba ta yi nisa da shagon da yake koyon aiki ba.

Allah Ya albarkaci Meksiko da ma'adinai, har ta fi kowace ƙasa fitar da azurfa a duniya. A cikin ramukan da ake haƙo azurfa da dalma da tutiya da jan ƙarfe, wani lokaci masu haƙa sukan fasa dutse su tarar da ɗan kogo cike da duwatsu masu ƙyalli, masu kusurwa a tsare kamar an fere su, alhali hannun ɗan Adam bai taɓa su ba. Irinsu ake kira kiristal. Akwai mutane a Amurka da Turai da Asiya waɗanda tara irin waɗannan duwatsu shi ne sha'awarsu. Ba sa narka su, ba sa yin zobe da su, ajiyewa kawai suke yi cikin akwatin gilashi. Kowace shekara a watan Fabrairu ana cin babbar kasuwarsu a garin Tucson na jihar Arizona, wadda aka fara tun 1955, kuma dutsen da bai cika tafin hannu ba yana iya yin dubban daloli a can.

A wurin masu wannan sha'awa, sunayen wasu ramukan Meksiko sanannu ne ƙwarai. Akwai Los Lamentos a jihar Chihuahua mai dutsen wulfenite ruwan lemo. Akwai Charcas a San Luis Potosí mai danburite garai-garai kamar ruwa. Akwai kuma Ojuela kusa da garin Mapimí a jihar Durango, wanda Sifaniyawa suka fara haƙa tun 1598, inda aka samu ma'adinai iri fiye da 100. A nan ne a 1977 wani mai haƙa ya ciro wani dutse ruwan ɗorawa, nau'in legrandite, wanda tsinkayensa suka bazu kamar hasken rana, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Aka sa masa suna Aztec Sun. Ya shiga hannun Miguel Romero, shahararren mai tara duwatsu ɗan Meksiko, daga baya ya koma gidan adana ma'adinai na MIM a birnin Bairut na Labanan, wanda aka buɗe a 2013.

To, ta yaya irin waɗannan duwatsu suke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa? A ramukan da manyan kamfanoni ke aiki, ƙarfe ake nema, ba kyau ba. Duk abin da nakiya ta fasa, injin niƙa yake nufa. Ku duba ramin Milpillas a jihar Sonora, wanda ya fara aiki a 2006. Daga cikinsa aka samu azurite, wani dutse shuɗi mai duhu da sheƙi, wanda masana suka sa cikin mafiya kyau da aka taɓa gani. Amma ramin na jan ƙarfe ne, kuma aikinsa shi ne a farfasa dutse a zuba masa asid, dangin ruwan batir, har jan ƙarfen ya narke ya fito. Azurite kuwa a cikin asid narkewa yake yi. Galibin kamfanoni a ko'ina a duniya sun hana ma'aikatansu tsayawa tsintar duwatsu, saboda yana cin lokacin aiki, kuma yana jefa mutum cikin lungun da ba a tokare ba. Duk da haka sanannen abu ne a wannan sana'a cewa da yawa daga cikin duwatsun da suka ƙawata gidajen tarihi, a cikin kwanon abincin ma'aikaci ko aljihun rigarsa suka haye sama, a naɗe cikin tsumma.

Ga tambayar ke nan. Ma'aikacin da ya ɓoye dutsen nan ya fito da shi, ceto ya yi ko sata?

Bari mu fara da hujjar masu cewa ceto ne, kuma mu yi mata adalci, domin ba hujjar banza ba ce. Suna cewa dutsen nan ya ɗauki dubban shekaru yana ginuwa, kuma babu irinsa biyu. Da ma'aikacin bai ɗauka ba, kafin gari ya waye ya zama gari. Ƙarfen da kamfani zai samu daga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Shi kuma ma'aikacin mutum ne mai iyali, yana shaƙar ƙurar da ke cin huhu, yana aiki inda dutse kan rufta. Wa aka cuta in ya samu kuɗin makarantar ɗansa daga abin da za a niƙe? Ga ɗaliban ilimi sun amfana, ga masu kallo sun ga ikon Allah. Duk mai tausayi zai ji zuciyarsa ta karkata ga wannan magana, mu ma ta karkata.

Amma da muka zauna muka auna, sai muka ga wurare uku da hujjar ta yi rauni.

Na farko, dutsen yana da mai shi. Sashe na 27 na tsarin mulkin Meksiko na 1917 ya mayar da ma'adinan ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar ƙasar, gwamnati ce ke ba kamfani izinin haƙa. Wannan bai saɓa wa abin da muka karanta a gaban malamanmu ba, domin a mashahurin zance na mazhabar Malikiyya, al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, shi ke ba wanda ya ga dama don maslahar jama'a. Akwai bambanci tsakanin abin da mai shi ya jefar a juji ya juya baya, da abin da yake kan hanyar zuwa injinsa. Na biyun bai bar hannunsa ba. Don mu muna ganin zai yi amfani da kayansa ta hanyar da ba mu so, wannan bai mayar da kayan namu ba. Kuma ma'aikaci ba baƙo ne da ya tsinci abu a hanya ba. An ɗauke shi aiki bisa sharaɗi, an ba shi fitila da hular kwano, an buɗe masa ƙofar da ba a buɗe wa kowa. Wanda aka buɗe wa ƙofa, amana aka ba shi.

Na biyu, kalmar ceto tana da saurin zama mayafin kwaɗayi. A ramin Naica na jihar Chihuahua, a 1910 masu haƙa suka faɗa wani kogo a zurfin kimanin mita 120, cike da kiristal na jibsam dogaye kamar takubba, shi ya sa ake ce masa Kogon Takubba. Babu injin da ke jiran waɗannan, amma aka yi ta karya su ana fitarwa, har suka watsu a gidajen tarihi da hannun masu tarawa. A shekarar 2000 wasu ma'aikata biyu 'yan uwan juna suka gano wani kogon a zurfin kimanin mita 300, wanda wasu ginshiƙansa suka haura mita 11, zafin cikinsa ya wuce digiri 45, ga gumi, har mutum ba ya iya daɗewa ciki sai da kayan kariya. Wannan karon sai aka sa masa ƙofar ƙarfe, aka bar masu bincike suna shiga da izini, har zuwa 2015 da ruwa ya sa aka dakatar da aiki a ramin. Darasin shi ne, in kasuwa ta buɗe baki, hannu ba ya tsayawa kan abin da za a niƙe kaɗai. Wanda ya saba ɗauka don kada a lalata, wata rana shi zai lalata don ya ɗauka.

Na uku, kuma shi ya fi damunmu: ɓoyon nan, mai ɓoyewar yake fara cuta. Mutumin da ya fito da abu a ɓoye ba shi da bakin ciniki. Ba zai kai wa mutum biyar su taya ba, ba zai jira sati ba, ba zai kai ƙara in an danne masa kuɗi ba. Dole ya sallama wa dillalin farko da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, a farashin da dillalin ya yanka. In an kama shi, shi kaɗai zai rasa aiki. Dutsen kuwa yana ci gaba da tafiya, kowane hannu yana ƙara masa kuɗi. A wannan sana'a kowane dutse yana tafe da 'yar takarda mai ɗauke da sunan ma'adinin, da ramin da ya fito, da gundumar, da jihar, kuma tsofaffin takardun manyan mutanen da suka taɓa mallakarsa suna ƙara masa daraja. Sunan da ba kasafai ake gani a takardar ba shi ne na wanda ya kwanta rub da ciki ya ciro shi. Wani lokaci ma sunan ramin ake canzawa don a ɓatar da sawu, sai ƙarya ta shiga littattafan ilimi. Ashe abin da aka kira taimakon talaka, shi ne ya hana shi farashi, ya hana shi suna.

Kada a fahimce mu da cewa laifin duka a wuyan ma'aikaci muka rataya shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai sayen da ya san yadda kaya suka fito, ya kawar da kai saboda araha, yana da kaso babba, kuma shi ba yunwa ce ta tura shi ba. Mai ramin da yake da ikon ya tsara yadda za a ciro irin waɗannan duwatsu a fili, a raba riba da ma'aikata, amma ya zaɓi niƙe su, dokar ƙasa ba za ta kama shi ba, sai dai ya yi ɓarnar abin da ba zai iya mayarwa ba. Mai biyan albashin da ba ya kai wata, shi ma ya san abin da yake koya wa mutanensa. Ba mu kuma daidaita wanda ya ɗauka don sayen magani da wanda ya mayar da abin sana'a. Amma samun uzuri daban, halaccin aiki daban.

Hanya ta gari kuwa ba mafarki ba ce, a Meksikon ma akwai ta. Bayan babban kamfani ya janye daga Ojuela a tsakiyar ƙarni na 20, masu haƙa na yankin sun ci gaba da shiga tsofaffin ramukan, duwatsun ado suka zama hanyar abincinsu, har a 1981 suka faɗa kan adamite ruwan shunayya wanda ya girgiza kasuwa. A yankin Las Vigas na jihar Veracruz, mutanen ƙauye suna haƙo amethyst don kyansa kawai. Ba mu ce waɗannan sun tsira daga wahala ko daga dillalai ba. Amma mutumin da zai shimfiɗa kayansa a rana ya ce ga nawa, ya fi mai kwanon abinci ƙarfin murya.

Yanzu mu dawo gida, 'yan uwa. Mu da ke zangunan Gana mun san cewa tsarin mulkin 1992 shi ma ya mayar da ma'adinan ƙasa mallakar jamhuriya, kuma mun san samarinmu da suka tafi galamsey da irin wannan hujja, cewa arziƙin ƙasa na kowa ne. Sai dai ba sai mun je bakin rami ba. Yaron tela da ya naɗe ragowar yadin mai ɗinki ya ce ai yarwa za a yi. Ɗan koyo a garejin Suame da ya sa tsohon ƙarfen motar wani a jakarsa ya ce ai ya mutu. Yarinyar shago da ta kwashe abin da ya saura a ƙasan buhu ta ce ai ba a lissafa shi. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya cewa abin ba shi da amfani a wurin mai shi. To in haka ne, me ya hana tambaya? "Maigida, wannan in ba ka so, ina so." Kalma ce da ba ta kai minti ɗaya ba, kuma sau da yawa amsar ita ce ɗauka. In kuwa muka ji nauyin tambaya saboda muna tsoron a ce a'a, to zuciyarmu ta riga ta gaya mana cewa abin ba namu ba ne.

Haka nan mu da Allah Ya ɗora a kan wasu, masu shago da masu gareji, kada mu bar yaranmu cikin duhu. Mu faɗa masu a fili abin da aka yafe masu da abin da ba a yafe ba, mu biya su haƙƙinsu a kan lokaci. In kuma za mu sayi wani abu da arahar da ta yi yawa, waya ce ko batirin mota, mu tambayi inda ya fito, mu kuma iya juya baya in amsar ba ta gamsar ba.

Kyawun dutsen Milpillas ko na Ojuela gaskiya ne, kuma wanda ya kalle shi ya tuna Mahaliccinsa ya yi daidai. Amma kyawun abu ba ya wanke hanyar da ya biyo. Ma'aunin da muke ba kanmu shawara da shi mai sauƙi ne: duk abin da ba za mu iya fita da shi ta ƙofa a tafin hannu, mai shi yana kallo ba, mu ajiye shi mu nemi izini.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya wadata mu da halal, Ya yafe mana abin da ya wuce. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.