IN MAI KAIFIN HARSHE YA RASU, ME ZA A FAƊA A KANSA?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, da wuya a sami zauren karatu wanda babu mai gardama a cikinsa, watau mutum mai sani wanda ba ya barin magana ta kwana, ba ya kuwa tauna ta kafin ya furta. Ran da irin wannan mutum ya cika, sai jama'a su rabu biyu a wurin zaman makoki. Waɗansu su wanke shi tas kamar bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, waɗansu kuwa su shiga tonon tsohon miki. To, wane ɓangare ne ke kan daidai?

Tarihin Ibn Hazmi na Andalus zai taimaka wajen amsa. An haife shi a Kurɗuba a shekarar 994, ya rasu a 1064 a ƙauyen iyayensa kusa da garin Labla. Shi ne mai littafin Al-Muhalla, kuma an ruwaito daga ɗansa cewa abin da ya rubuta ya kai mujalladi 400. Amma fa harshensa ya yi kaifin da har aka kwatanta shi da takobin Hajjaju. Ya yi muhawara da Abul Walid Al-Baji a tsibirin Mayurka, ya ragargaji malaman Malikiyya na zamaninsa, har ta kai aka ƙone littattafansa a Ishbiliya.

Bayan rasuwarsa malamai biyu sun bi hanya daban-daban. Alƙali Abubakar Ibn Arabi ya yi masa raddi mai zafi, ko da yake mahaifinsa almajirin Ibn Hazmi ne. Shi kuwa Zahabi, wanda ya rasu a 1348, da ya zo rubuta tarihinsa sai ya yabi haddarsa da zurfin saninsa, ya kuma faɗi a fili cewa bai kiyaye ladabi da manyan limamai ba, shi ya sa aka saka masa da irin abin da ya yi. Sa'an nan ya nuna cewa Ibn Arabi bai yi masa adalci ba.

Hanyar Zahabi ita ce ta dace da Sunna. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun tarar da abin da suka aikata. Zagi ba ya gyara mamaci, sai dai ya ƙona zuciyar iyalinsa. Kuma shi mamaci ba shi da bakin kare kansa, ba a kuwa iya zuwa neman yafewarsa.

Amma mai tambaya zai ce, ashe sai a yi ƙarya ke nan? A'a. Hadisin Anas ya nuna cewa an wuce da jana'iza biyu, aka yabi ɗaya aka kushe ɗaya, Annabi kuwa ya kira masu maganar shaidun Allah a bayan ƙasa. Mai shaida ba shi da izinin ƙari ko ragi. Malaman hadisi ma sun bayyana raunin maruwaita waɗanda suka daɗe a kabari, don kada a jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba. Bambancin yana ga niyya da kuma bukata. Kuskuren da ya bari a rubuce, wanda zai iya ɓatar da mai karatu, wajibi ne a gyara shi da hujja. Zafin da ya yi wa wani a zaure kuwa, ba mai amfana da maimaita shi.

Akwai kuma wani abin lura. Ibn Hazmi ya ambata a littafinsa na gyaran halaye cewa ciwon saifa ne ya jawo masa ƙunci da gajen haƙuri, har ya riƙa tuhumar kansa a kan haka. Mutane da yawa sun ji zafin harshensa, kaɗan ne suka san yaƙin da yake yi da zuciyarsa. Haka lamarin yake ga mai gardamar unguwa, Allah kaɗai ya san abin da ya kwana da shi.

Saboda haka wanda mamaci ya ɓata wa rai, ba a tilasta masa ya yi yabon da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Ya yi shiru, in ya iya ya yafe, ladansa na wurin Allah. Wanda ya ƙaru da saninsa kuwa, ya faɗi alherin da ya sani, ya roƙa masa gafara. Masu kaifin harshe da ke raye su ma su tuna cewa wata rana su za a zauna makokinsu.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa a cika da imani. Amin.